Awa Huɗu a Rukunin Mamata

Baba: Salamu alaikum. Sakatare, na kira ne in sanar da kai cewa Allah ya yi mini rasuwa.

Sakatare: Wa alaikumus... Baba? Ku ne?

Baba: Ni ne. Ni ma ban samu labari ba sai da na gama shan shayi. Amma mu gaisa tukuna, ba gaggawa. Ka tashi lafiya?

Sakatare: Lafiya lau, Baba. Ina kwana? Ina gajiya?

Baba: Ba gajiya. Ya aiki? Ya mutanen gidan?

Sakatare: Lafiya ƙalau. Tana gaishe ku, jiya ma take cewa...

Baba: 'Yata ce, na san ba ta ce komai ba. Ya jikokina? Ƙaramar ta daina yaga littattafai?

Sakatare: Ta rage dai. Ya ƙafar? Ya Hajiya?

Baba: Hajiya tana jinyar 'yar'uwarta a asibiti tun shekaranjiya, wayarta kuma tana ƙasan jaka inda ta saba zama. Ƙafa kuwa, in aka duba halin da aka ce ina ciki, ba laifi.

Sakatare: Baba, wannan lambar, ya aka yi kuka...

Baba: Matarka ta ba ni tun bara. Ta ce ita kake ɗauka idan kana ɓuya. Waccan ta kowa da kowa tun jiya da yamma a kashe take.

Sakatare: Caji ne, Baba. Batirin ya...

Baba: Allah ya ba shi lafiya. To saurara. Da safen nan na buɗe dandalin ƙungiyarmu ta masu awon ƙasa, wanda kai ke kula da shi. Na shiga shafina zan sa rubutu na ashirin da huɗu a kan ɗakin taswirori, tunda yau ƙarfe huɗu za a jefa ƙuri'a. Na nemi ɗan koren maɓallin nan da ake dannawa a yi rubutu, babu shi. Na cire tabarau na goge, na mayar, babu shi. Sai na ɗaga kai na ga hotona.

Sakatare: Hoton ya yi wani abu ne?

Baba: An zagaye shi da baƙin layi. A ƙasa an rubuta "Allah ya jiƙansa."

Sakatare: Innalillahi! An rubuta... Baba, a fili? Kowa yana gani?

Baba: Au, ba ka gani ba?

Sakatare: Wallahi tun jiya ban buɗe ba.

Baba: Dogo dai ya gani. Ka san Dogo, wanda muka fara aiki rana ɗaya da shi. Ya kira wayata, na ɗauka, ya ɗauka ƙanena ne. Minti goma yana yi mini ta'aziyyar kaina. Sau uku ina cewa "Dogo, ni ne," yana cewa "Na sani, na sani, sai haƙuri." Kunnen nasa ka san yadda ya koma.

Sakatare: Subhanallahi.

Baba: Ya ce marigayi yana da taurin kai, amma bai taɓa ganin ya ci amanar awo ba. Na ce na gode. Tun daga nan ban sake ɗaukar waya ba, kira sittin da wani abu. Yanzu gaya mini, wa ya kashe ni?

Sakatare: Halo? Baba? Layin yana ɗan... halo?

Baba: Layin lafiyarsa ƙalau. Har ƙarar fankar ofishinku ina ji.

Sakatare: Wato, Baba... abin yana da ɗan bayani.

Baba: Ina da lokaci. Ba inda za ni.

Sakatare: Jiya Shugaba ya kira ni gefe bayan an tashi. Ya ce rubuce-rubucen da ake yi a kan ɗakin taswirori suna... suna ɗaga hankalin mambobi.

Baba: Waɗanda ake yi. Mutum nawa ke yin su?

Sakatare: Ku ne.

Baba: Ci gaba.

Sakatare: Ya ce in san yadda zan yi shafinku ya huta, daga jiya zuwa bayan taro. Kwana ɗaya tak. Ya ce kada a rubuta a takarda, kada ya ji, kada ya gani.

Baba: Kai kuma ka ce masa surukinka ne, ba za ka iya ba.

Sakatare: Na ce zan duba.

Baba: Jarumi.

Sakatare: Baba, ba a hana mutum ɗaya shi kaɗai a tsarin nan. Izini ba na mutum ba ne, na rukuni ne. Kowa yana cikin wani rukuni, abin da aka yarda wa rukunin shi yake iya yi. Rukuni biyar muke da su.

Baba: Lissafo.

Sakatare: Akwai Kwamiti, akwai Mambobi, duk suna rubutu. Akwai Sababbi, su ba su da shafin kansu sai sun yi sharhi goma. Nan na fara sa ku.

Baba: Shekara talatin da biyar ina jan sarƙar awo, ka sa ni a Sababbi.

Sakatare: Ba ku zauna ba ai. Na'urar tana ƙirga sharhinku ta ga dubu uku, kafin in ɗaga hannu ta mayar da ku Mambobi. Sau uku ina sa ku tana dawo da ku.

Baba: Ashe a ƙungiyar akwai mai girmama ni. Na huɗu fa?

Sakatare: Korarru.

Baba: To, me ya hana? Can ya dace.

Sakatare: Haba, Baba! Can jan rubutu ake sa wa mutum a ƙarƙashin suna, "An kore shi," kuma duk abin da ya taɓa rubutawa ya ɓace. Ni in kore ku? Da wane ido zan shigo gidanku? Me zan ce mata?

Baba: Sai ka buɗe sabon rukuni mana.

Sakatare: Sabon rukuni sai kwamiti ya zauna an rubuta, Shugaba kuma ya ce ban da rubutu. Kuma rukunin da mutum ɗaya ne a ciki, wane suna zan ba shi?

Baba: Saura na biyar.

Sakatare: Waɗanda Suka Riga Mu. Baba, na duba na sake dubawa, shi kaɗai ne ya yi daidai. Rubutun mutum yana nan ana karantawa, ba wanda ya isa ya goge, ba wanda ya isa ya yi masa baƙar magana, shi dai ba ya ƙara sabo. A duk dandalin babu rukunin da ya kai shi mutunci. Na ce kwana ɗaya ne, gobe in fito da ku ba wanda ya sani.

Baba: Wato kunyata ka ji, shi ya sa ka binne ni.

Sakatare: Ban san yana canza hoto ba! Wanda ya riga ni a kujerar nan shi ya tsara, ni ban taɓa sa kowa a ciki ba. Tunda na karɓa ba wanda ya rasu.

Baba: Sai ka fara da na gida. Kana gaban kwamfuta?

Sakatare: Ina buɗewa yanzu. Yana juyawa... Ya Salam.

Baba: Mene ne?

Sakatare: Ba hoton kaɗai ba ne. Ashe duk wanda aka sa a ciki, da safe sai ya aika wa dukkan mambobi sanarwa. Ƙarfe bakwai ya aika. Mutum ɗari biyar da talatin.

Baba: Madalla. Wasiƙar taro ba ta taɓa isa ga kowa a kan lokaci ba, amma wannan ta isa. Fito da ni.

Sakatare: Yanzu kuwa, Baba. Dannawa ɗaya ce. Sai dai... Baba, kun duba ƙasan rubutunku na ƙarshe?

Baba: Idona ya tsaya a kan hoton. Me ke ƙasa?

Sakatare: Mutum ɗari huɗu da goma sha biyu sun karanta shi daga safe zuwa yanzu.

Baba: Wanne? Na ashirin da uku? Mai shafi tara?

Sakatare: Shi. Har na baya ana bi ana karantawa.

Baba: Da can mutum nawa ke karantawa?

Sakatare: Wannan ai ba sai an...

Baba: Kai kaɗai ke ganin lissafin. Nawa?

Sakatare: Shida.

Baba: Shida.

Sakatare: Biyu ni ne, ta waya da ta kwamfuta. Ɗaya ku ne.

Baba: Uku ke nan.

Sakatare: Ɗaya Shugaba, amma ba ya wuce minti ɗaya.

Baba: Wata takwas ina rubutu. Na ce musu taswirorin nan na hannu ne, wasu sun shekara tamanin, ba su da na biyu a ko'ina. Na ce duk ranar da ƙauyuka biyu suka tashi faɗa a kan iyaka, ɗakin nan ake zuwa a buɗe durowa a raba su. Na ce siton da za a kai su rufinsa yana yoyo, na ɗauki hoton bokitin da ake tarawa. Duk don a sa kujeru masu laushi da talabijin a ɗakin. Ashe mutum uku nake wa wa'azi.

Sakatare: Shugaba ya ce an ɗauki hotonsu an adana a kwamfuta.

Baba: Arba'in aka ɗauka cikin dubu biyu, goma sha ɗaya kuma a kife. Yana cikin rubutu na goma sha bakwai. Kai ma ashe ba ka karanta ba.

Sakatare: Na buɗe dai. Baba, akwai sharhi casa'in da shida. In karanto?

Baba: Ɗauko biyu, kar ka zaɓa.

Sakatare: Wani ya ce, "Yau na karanta, sai da na yi hawaye. Ashe gaskiya yake faɗa." Wata kuma ta ce, "Ban san shi ba, amma ji nake kamar mahaifina."

Baba: Wace ce?

Sakatare: Wadda take zama a bayanku a taro, mai cewa ku taƙaita.

Baba: Allah sarki.

Sakatare: Baba... Shugaba ma ya yi rubutu.

Baba: Shugaba? Shi da ya san abin da ya sa ka?

Sakatare: Bai san ta inda na bi ba. Ina jin ya ɗauka da gaske ne. Ƙarfe takwas ya sa shi. Ya ce, "Jiya-jiyan nan nake maganarsa da surukinsa."

Baba: Wannan gaskiya ne.

Sakatare: "Ginshiƙi ya faɗi. Mun sha saɓani da shi, amma saɓani na 'yan'uwa." Sai ya ce... Baba, ku ji nan. "Rubutunsa na ƙarshe wasiyya ce a wuyanmu. A taron yau zan roƙi mambobi a bar ɗakin taswirori yadda yake, a gyara tagoginsa, a sa sunan marigayi a ƙofa."

Baba: Sake karanta wajen tagogin.

Sakatare: "A gyara tagoginsa."

Baba: Shekara shida ina roƙon tagogin nan.

Sakatare: To, bari in fito da ku, sai in rubuta gajeren bayani cewa kuskure ne na...

Baba: Dakata. Ɗauke hannunka daga kan abin.

Sakatare: Na ɗauke.

Baba: Idan ka fito da ni, me zai faru?

Sakatare: Baƙin layin zai tafi, maɓallinku ya dawo. Ina jin zai kuma aika wa kowa saƙon maraba da sabon mamba.

Baba: A taron nake nufi. Idan na shiga ƙarfe huɗu da ƙafata, da rigar da na goge tun jiya, ƙuri'a nawa zan samu?

Sakatare: Allah kaɗai ya...

Baba: Bara waccan, da na kawo maganar tagogi, nawa na samu?

Sakatare: Huɗu. Ku, da ni, da Dogo, da wani a baya.

Baba: Na bayan hannu ya ɗaga a kunna fanka, kai ka ƙirga shi.

Sakatare: Ya ɗaga dai.

Baba: Idan kuma ban shiga ba?

Sakatare: Baba, ba wanda zai ɗaga hannu a kan mamaci. Amma ba za mu...

Baba: Ƙarfe nawa yanzu?

Sakatare: Sha biyu ta ɗan gota. Baba, don Allah. Wannan ai ƙarya ce.

Baba: Wa ya yi ta?

Sakatare: Na'ura.

Baba: To. Ni ban taɓa matsar da dutsen iyaka ko da taƙi ɗaya ba, ba kuma yau zan fara ba. In da zan iya, da yanzun nan na rubuta "Jama'a, ina raye." Zan iya?

Sakatare: Ba za ku iya ba.

Baba: Sharhi fa? Saƙo zuwa ga wani?

Sakatare: Duk a rufe suke a rukunin.

Baba: Ka gani. Shugaba ya ce in yi shiru har bayan taro. Sakatare ya aiwatar. Shekara talatin ina saɓa wa kwamiti, an ce ba ni da ladabi. Yau zan gwada biyayya in ga yadda take.

Sakatare: Ni fa, Baba? Ni zan zauna a gaba ina rubuta bayanin taro! Kowa zai zo ya riƙe hannuna. Me zan ce musu?

Baba: Ka sunkuyar da kai. Shekara goma sha ɗaya kana yi a gabana, ka ƙware.

Sakatare: In aka ce in yi jawabi a madadin iyali?

Baba: Ka ce ba ka da bakin magana. Kana da shi?

Sakatare: Ba ni da shi. Amma ƙarfe biyar fa? Idan kuka bayyana, ni za a fara nema. Shafin yana nuna wanda ya sa ku a ciki, da minti, da daƙiƙa.

Baba: Sai ka faɗi wanda ya sa ka.

Sakatare: Ya ce bai ji ba, bai gani ba.

Baba: To shi ma ba shi da bakin magana. Mu uku ke nan. Abin da taro ya zartar kuma ba a warware shi sai bayan shekara biyu, sashe na tara na tsarin mulkin ƙungiya. Ni na rubuta shi, lokacin ana saurarona.

Sakatare: Dogo fa, Baba? Kun ce ya yi minti goma.

Baba: Ya yi kuka.

Sakatare: To kun gani.

Baba: Na ji dai. Ban san yana da hawaye ba, mutumin da maciji ya sara a daji ya ce mu ƙarasa layin awon tukuna. Wannan ita ce ke ci mini rai, ba Shugaba ba. Ƙarfe biyar zan tafi gidansa da kaina.

Sakatare: Ku bari in riga ku shiga. Zuciyarsa ba ta da ƙarfi.

Baba: Ka yi tunani, yau sau ɗaya. Yanzu kafin komai ka kira matarka ka gaya mata ubanta yana nan yana shan shayi na biyu, kar wata ta riga ka. Ka kira wadda Hajiya ke jinya, ita tana ɗaukar waya ko ana yi mata allura. Ka ce... Tsaya.

Sakatare: Lafiya?

Baba: Mota ta tsaya a ƙofa. Farar nan mai karyayyen madubi.

Sakatare: Ta Mataimakin Shugaba ce! Baba, ku buɗe musu kawai, a gama, Allah ya kawo ƙarshen abin.

Baba: Su huɗu ne. Har da mai cewa in taƙaita. Ƙofar waje a kulle take?

Sakatare: Ni kuke tambaya?

Baba: A kulle take, Hajiya ta koya mini. Labulen falo ne a buɗe. Bari in... wayyo ƙafa... bari in koma ciki.

Sakatare: Ina kuka shiga? Muryarku ta canza.

Baba: Ɗakin ajiyar Hajiya. Ni da bokitai da keken ɗinki. Babu taga, babu kujera, na zauna a kan... ban san mene ne ba, yana dai ɗaukata.

Sakatare: Baba, awa huɗu fa! Da wannan ƙafar!

Baba: Na taɓa yin awa tara a kan dutse ina jiran gajimare ya wuce in yi awo. Suna buga ƙofa. A hankali suke bugawa, ka ji ladabi. Da ina raye da ƙafa Mataimaki yake bugawa.

Sakatare: Halo? Ban ji ba, da me?

Baba: Na ce da ƙafa! Kar ka sa ni ɗaga murya, za su ji.

Sakatare: Baba, na kunna ɗaya wayar don in kira gida, ga shi tana ƙara. Shugaba ne.

Baba: Ɗauka mana.

Sakatare: In ce masa me?

Baba: Ka ce abin da ya sa ka, ka yi.

Sakatare: Zai tambayi jana'iza! Zai ce an yi ko ba a yi ba!

Baba: Ka ce ba a yi ba. Yi sauri, matar nan ta cikin waya ta ce saura mini minti ɗaya.

Sakatare: In ya ce yaushe za a yi fa? Baba! Yaushe zan ce?

Baba: Ka ce ba a sa lokaci ba tukuna. Ko mai gawar bai sani ba.